Kiɗan da Rediyo Ya Ƙi Ɗauka

Tudun Wada, Kaduna
1 ga Yuni, 1964

Zuwa ga Malama Kulsumi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, da maigidanki, da 'yan matan da kike fama da su a aji. Ni lafiyata ƙalau, sai 'yar mura da ruwan farko ya bar mini, ita ma ta kusa tafiya.

Na san za ki ce sai da buƙata ta taso na tuna da ke. Haka ne, kuma ba zan ji kunya ba, tsakanin taubasai ai babu wannan. Duk danginmu na Argungu da Birnin Kebbi ke kaɗai ce ke karanta takarda ba sai an kai bakin kasuwa ba, kuma ke kaɗai ce mai rediyo.

Kin san shekara uku ke nan da na bar gida na zo aikin masaƙa. Kin kuma san na bar masaƙar na bi makaɗa, tunda ku kuka yi ta yayata zancen a gidajen biki. To ƙungiyarmu ta samu shiga gidan rediyo. Kowace Asabar da ƙarfe biyar na yamma za mu yi kiɗan rabin awa, muna yi ana ji. Shugabanmu Oga Tamba ne, mutumin Saliyo, mai busa ƙahon Turawa. Mu takwas ne, ni ke riƙe da bes. Kada ki wahalar da kanki tambaya, duk Kabi ba wanda ya san ta. Jita ce, amma ta fi wadda kika sani tsawon wuya, tsirkiyarta huɗu masu kauri. Ba ta da murya sai an haɗa ta da waya zuwa wani akwatin sauti mai cin lantarki. In ta yi magana kuwa, a ƙirji ake jin ta.

Ga roƙona. Ki ɗauki rediyonki ki kai Argungu wata Asabar, ki ajiye a gaban Inna. Yaya Illo ya aiko mini ta bakin wani direba cewa idonta ya rufe gaba ɗaya, ko hasken fitila ba ta gani. Hoton da na ɗauka da jitar don ita ya tashi a banza ke nan. Zuwa gida kuma ba zai yiwu yanzu ba, wanda ya bar kujerarsa Asabar ɗaya zai dawo ya tarar da wani a kai. Kunne ne ya rage mata, Kulsumi. Ina so ta ji abin da ya hana ni dawowa, ta san ba yawon banza nake yi ba.

Ki gai da mutanen Nasarawa.

Taubashinki,
Dankure

*

Nasarawa, Birnin Kebbi
15 ga Yuni, 1964

Zuwa ga Dankure, sarkin makaɗan birni,

Bayan gaisuwa, takardarka ta same mu lafiya. Ruwa ya sauka sau uku, an yi shuka. Inna Laure lafiya lau, sai ƙafar da ke damunta da safe. Tana cin abinci sosai, har da ta shafa hannuna ta yi mini faɗa wai na rame.

Na cika maka alkawari. Shekaranjiya na hau motar safe da rediyo a cinya, na lulluɓe shi da zane kamar jariri. Kafin la'asar labari ya gama unguwarku. Matan maƙwabta suka cika tsakar gida, masunta abokan Illo suka tsaya a zaure, aka shimfiɗa wa Inna tabarma a inuwar rumbu. Ta sa an ɗauko mata zanenta na Salla, ita da ba gani za ta yi ba.

Ƙarfe biyar mai gabatarwa ya ce ga Tamba da mutanensa. Sunan Tamba kaɗai ya faɗa. Sai kiɗa ya tashi, kuma ba zan rage muku ba, da daɗi. Na ji ƙaho, na ji mai waƙa da wani yare da ban sani ba, na ji ganguna, na ji wata jita mai siririyar murya, da wani abu mai caccaka kamar ana sheƙar gero.

Inna ta karkato kunne ta ce, "To, wane na ɗana cikinsu?"

Na ce ta ɗan saurara. Na kai kunnena har jikin rediyon. Dankure, na nemi abin nan da ka ce ana ji a ƙirji, ban same shi ba. Na so in ce mata kai ne mai siririyar jitar, amma ka riga ka ce taka mai kauri ce, kuma ban iya yi wa makauniya ƙarya ba. Na ce ban gane ba tukuna.

Sai Illo ya ɗaga murya daga zaure ya ce, "Ƙila shi ka ɗaukam musu kaya." Aka kwashe da dariya. Ka san yayanka, ba da mugunta ya faɗa ba, amma maganar ta riga ta fita waje, har a tashar mota na ji wani yana maimaita ta.

Inna ba ta yi dariya ba. Da aka gama ta ce, "Ba komi, in dai shina lahiya." Ta sa aka mayar da zanen cikin adaka.

To malam makaɗi, sai ka yi mini bayani. Ko ranar ba ka je ba ne, ko kunnuwan Kabawa ne ba su kai na Kaduna ba?

Taubashiyarka,
Kulsumi

*

Tudun Wada, Kaduna
28 ga Yuni, 1964

Kulsumi,

Ina gaisuwa. Mura ta tafi. Na karanta takardarki sau biyu, na ninke, na kwana biyu ban taɓa alƙalami ba don kada in rubuta wa Yaya Illo abin da zan yi nadama.

Ina wurin ranar. Ban taɓa fashi ba. Bari in gaya miki yadda ɗakin yake, tunda ke malama ce, sai da dalili kike yarda. Makirufo ɗaya ne tak a tsakiyar ɗakin, shi ke ɗaukar mu duka. Akwai wani Malam Abdussamadu da ke zaune bayan gilashi yana kallon wata allura da ke rawa da ƙarfin sauti. Ranar farko ya sa kowa ya buga abinsa shi kaɗai, sannan ya ɗauki alli ya zana wa kowa wurin tsayawa a daɓe. Mai waƙa taku ɗaya daga makirufo, mai ƙaramar jita taku uku, Oga Tamba taku biyar kuma ya juya ƙahonsa bango. Ni da akwatina muna bakin ƙofa, taku tara. Haɗin sautin ke nan gaba ɗaya, wanda ake so ya fito a matso da shi, mai nauyi a ja shi baya. Na fi kowa nauyi. In na matso, allurar sai ta faɗa cikin ja, komai ya rinƙa tsagewa. Ɗan abin da ya rage nawa kuma ya shiga iska ya iso Argungu, ya tarar da lasifikar rediyonki da ba ta fi tafin hannu ba. Malam Abdussamadu ya ce ƙananan rediyo ba sa iya furta sautin ƙasa, sama-sama kawai suke ɗauka.

Aikina ba na fitowa ba ne. Ƙafar mai ganga da babban yatsana dole su sauka tare, a kan wannan sauran suke hawa. Har guntun soso nake cusawa ƙarƙashin tsirkiyoyin don kowace bugu ta fito gajera, dunƙulalliya, kada ta yi jela ta shiga ta gaba. Wata shida na yi kafin na samu wannan muryar. Akwai ranar da muke kiɗan biki da yamma wayata ta zare. Ba wanda ya san abin da ya faru, amma masu rawa suka rinƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya suna hararar mai waƙa kamar laifinsa ne. Da na mayar da wayar suka ci gaba, ba wanda ya ko dube ni. Oga Tamba da Hausarsa ta ɗan koyo ya ce mini, "Kai ne ƙasa, Dankure. Ba a kallon ƙasa, amma a kanta ake rawa." Ranar na ji daɗin maganar. Yau ban san ko ina jin daɗinta ba.

Ba ki san zaman nan ba. 'Yan ƙungiya Turancinsu na kasuwa suke yi, in an yi dariya sai in bi daga baya. Hausawan unguwa in na buɗe baki sai su kwaikwayi harshena, a masallaci kuma gaisuwarsu gajera ce tunda sun san makaɗin otal ne ni. Ran Lahadi nakan wuni a ɗaki ina bugun jitar ba lantarki, ni kaɗai nake jin ta. Na saba da rashin ji daga kowa. Na Inna ne ban shirya masa ba.

Ki sake gwadawa ranar sha ɗaya ga Yuli. A waƙa ta uku akwai wurin da kowa ke yin shiru, a bar ni da mai caccaka har a ƙirga takwas. A nan babu inda zan ɓuya.

Dankure

*

Nasarawa, Birnin Kebbi
13 ga Yuli, 1964

Ɗan'uwana Dankure,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu lafiya, sai zazzaɓi da ya kwantar mini da rabin aji. Inna lafiya. Gulbi ya fara cikowa, Illo ya ce kifi ya yi wuya.

Na karanta wa Inna takardarka, amma na tsallake wurin zaman ɗaki da masallaci. Na karanta wa Illo zancen alli da allura, ya ce shi dai bai taɓa jin makaɗin da ake ajiyewa bakin ƙofa ba. Wannan karon mutane kaɗan suka zo, kuma hakan ya fi mini.

Muka ƙirga waƙoƙi. Ta uku ta zo, na riƙe hannun Inna na ce yanzu. Ƙaho ya tsaya, mai waƙa ya tsaya, ganguna suka tsaya. Dankure, sai rediyon ya yi tsit, ban da caccakar nan. Na ƙirga takwas ɗin a zuciyata har ƙarshe. Inna ta ce, "Batir ya ƙare?" Kafin in ba ta amsa kiɗa ya dawo.

Na yarda da kai, kada ka yi zaton wani abu. Mutum ba zai ƙirƙiro shirun takwas daidai ba in ba ya wurin. Na gaya wa Inna haka, ta ce ita ma ta yarda. Amma da zan tafi ta kira ni ɗaki ta ce, "Ki bar kawo abin ga. Ki rubuta mai ki ce na ji." Na ce ba zan rubuta ba, tunda ba ta ji ba. Ga shi na gaya maka yadda aka yi, ka san halina.

Za a ba mu hutu farkon Agusta, zan je in yi makonni a wurinta.

Kulsumi

*

Kaduna
26 ga Yuli, 1964

Kulsumi,

Lafiya nake. Na gode da ba ki yi mini ƙarya ba.

Wato ta gaji. Ta ce a daina kawowa, a lallashe ni da "na ji" kamar yaron da ya yi zane a ƙasa. Ban ga laifinta ba.

Na roƙi Oga Tamba a rinƙa faɗin sunayenmu, ya ce rabin awa ba ta isa kiran suna ba. Na roƙi Malam Abdussamadu taku uku kacal, ya ce ko rabin taku ba zai ba ni ba, wai in ina son a ji ni in koma busa ƙaho. Amma na ji zai tafi hutu farkon Satumba, wani sabo zai zauna a kujerarsa.

Ki kai rediyon sau ɗaya tak, ranar biyar ga Satumba, ko ta ce ba ta so. Ranar za ta ji ni. Bayan nan ba zan ƙara wahalar da ke ba.

Dankure

*

Argungu
10 ga Agusta, 1964

Dankure, sarkin fushi,

Lafiya muke, kuma ka zauna kafin ka karanta, don albishir ne, goronsa kuma sai ka zo da shi da kanka.

Da farko, kai wawa ne. Inna ba ta gaji da kai ba. Tausayina ta ji, don ina hawa motar katako da ciki wata biyar. Ban gaya maka zancen cikin ba don ba a gaya wa taubashi irin wannan, yanzu ka tilasta ni.

Na zo hutu da rediyon. Shekaranjiya Asabar an wuni ana ruwa, sai gab da biyar ya ɗauke. Tsakar gida duk caɓi, a ɗaki kuma rediyon ba ya kamawa. Na fito ina neman busasshen wuri, turmi a jiƙe, kujera a jiƙe. Illo ya dawo daga gulbi ya jingine goransa a bakin rumfa, babban nan da yake hawa in ya shiga ruwa da homa, ragarsa ta kamun kifi. Sai na kwantar da rediyon a kan bakin goran, don dai kada ya taɓa ƙasa. Inna tana zaune kusa, ta dafa goran da hannu ɗaya tana gyara zama.

Kiɗa ya fara. Ni ban lura da komai ba, sai na ga ta tsaya cak. Ta ce, "Mi na wanga ka motsi ƙarƙashin hannuna?" Na sa nawa hannun. Dankure, goran yana numfashi. Wani abu mai kauri yana tafiya a cikinsa, dum, dum-dum, dum, a natse, kuma da na kai kunne bakin goran sai na ji shi sarai, yana ƙarƙashin ƙahon da waƙar duka. Na ce, "Inna, shi ne."

Ta ɗora hannu na biyu. Ta bar su a nan har waƙa ta uku. Da wurin shirun nan ya zo, kowa ya tsaya, sai kai kaɗai a cikin goran, takwas cif. Ta ce, "Ashe ƙasa shike, mu muna biɗatai bisa." Ta yi kuka, ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Ta sa aka kira Illo ya dafa. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya ce to goran nan ya bar zuwa gulbi ran Asabar. Daga Illo ka san wannan ban haƙuri ne.

Saboda haka ko mene ne kake shiryawa ranar biyar ga Satumba, ka bar shi. Ka tsaya a kan allinka, kada ka cire ko sosonka. Tana jin ka yadda kake. Zan bar mata rediyon in hutu ya ƙare.

An ce ruwa ya cinye hanya wajen fadama, motoci ba sa wucewa, amma na ba da takardar a ajiye cikin jakar wasiƙu, da hanya ta buɗe za ta taho.

Taubashiyarka da ta fi ka hankali,
Kulsumi

*

Kaduna
30 ga Agusta, 1964

Kulsumi,

Ina fata lafiya. Mako biyar ke nan ban ga takardarki ba. Kullum sai na bi ta shagon telan da ake ajiye mana wasiƙu, har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Ban sani ba ko kina Argungu ko kin koma, don haka na aika wannan Birnin Kebbi. In Inna ba ta da lafiya ne ki gaya mini. In kuma kin rasa abin da za ki ce ne, na gane.

Na gwada abin a ɗaki da ƙaramin rediyon maƙwabcina, na lura da irin sautin da yake iya fitarwa. Siriri yake so, mai kaifi. To zan ba shi. In na cire soson, na murɗa sautin jitar zuwa kaifi, na bar yatsa na buga da guntun matsefi, na hau can saman wuyan inda muryarta ke sirancewa, ko rediyon aljihu sai ya faɗe ni. Na san ba aikina ba ne. Rabin awa ɗaya ce a shekara uku.

Asabar mai zuwa. Ki zaunar da ita kusa.

Dankure

*

Kaduna
7 ga Satumba, 1964

Kulsumi,

Lafiyar jiki ƙalau.

Na yi. Sabon mutumin bayan gilashi bai san allin kowa ba. Da aka kunna jar fitila, na tura akwatina da ƙafa har ya wuce layin allin Oga Tamba. Waƙar farko na daure. A ta biyu na zare soson na hau sama.

Ban taɓa jin kaina haka ba, kuma ban ji daɗin abin da na ji ba. Wata irin ƙara ce kamar ana kaɗa kwano. Ta gilashi na ga allurar ta kwanta cikin ja, mutumin ya rikice ya rage komai gaba ɗaya, mai waƙa ya nutse. Mai ganga ya nemi yatsana da ƙafarsa bai same shi ba, ya fara sauri, mai ƙaramar jita ya bi shi, ƙaho ya tsaya a baya. Waƙar da muka yi wata huɗu muna bugawa ta wargaje a hannunmu, kuma ba damar tsayawa tunda duk Arewa na ji. Na san na ɓata tun kafin rabi. Amma na ce in na koma ƙasa yanzu na yi asarar duka biyun, sai na ci gaba har ƙarshe.

Oga Tamba bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Da muka fito ya miƙo hannu, na ba shi jitar, tunda tasa ce, duk kayan ƙungiya nasa ne. Ya goge wuyanta da hankicinsa ya sa a akwati. Ya ce, "Na ɗauka kai ka gane." Akwai wani Hammadu da ya daɗe yana zagayen kujerata, jiya na ji an kira shi.

Na je masaƙa yau da safe, sun ce in dawo bayan wata biyu. Yatsuna sai motsi suke yi a kan cinyata, ba abin da za su taɓa.

Duk wannan ba komai ba ne in ta ji. Ki gaya mini ta ji, Kulsumi. Ki gaya mini abin da ta ce, kalma da kalma.

Dankure

*

Kaduna
16 ga Satumba, 1964

Kulsumi,

Yau tela ya miƙo mini takardarki ta goma ga Agusta. Ambulan ɗin ya sha ruwa ya bushe, amma rubutun bai goge ba. Na karanta a tsaye a bakin shagon, sai da telan ya ba ni kujera.

Allah ya sauke ki lafiya. Ki ce wa Yaya Illo na gode da goran.

Da ma ta iso kafin biyar ga wata.

Dankure

*

Nasarawa, Birnin Kebbi
28 ga Satumba, 1964

Ɗan'uwana Dankure,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka jaje. Mu lafiya. Hanya ta buɗe, na dawo makon jiya na tarar da takardunka biyu suna jirana, ta ukun ta iso yau. Na zauna na jera su bisa kwanan wata, na ga yadda muka yi ta wuce juna. Ba zan yi maka tsiya ba wannan karon, ba ni da ƙarfinta.

Ka ce kalma da kalma, to ga shi.

Asabar huɗu ta yi tana jin ka kafin ranar. Tun azahar take sa a wanke goran a kawo. Har ta san waƙoƙin, takan ce mini, "Nan za shi sauka," kuma ka sauka. Matan unguwa suka dawo, ana layi ana dafawa.

Ranar biyar ga wata ta dafa kamar kullum. Waƙar farko lafiya. A ta biyu goran ya mutu a hannunta. Wata ƙara ta fito ta sama, kowa ya ji ta har zaure. Ni na gane taka ce. Inna ta yamutsa fuska ta ce, "Wa ka wagga hayaniya? Ina Dankure?" Ta rinƙa shafa goran ta kowane gefe tana nemanka. Da aka gama ta ce lalle ba ka da lafiya, shi ya sa suka rikice. Ranar ba ta ci tuwo ba. Ban gaya mata kai ne mai ƙarar ba, kuma ba ta tambaya ba.

Asabar da ta biyo goran ya dawo da motsi. Illo ya yi murna ya ce, "Ga shi nan, ya warke!" Ni ma na so ya zama haka, don lokacin ban ga takardarka ba. Inna ta dafa da hannu biyu. Ta ji waƙar farko, ta ji rabin ta biyu, sannan ta janye hannuwanta ta ɗora a cinya.

Ta ce, "Wanga ba ɗana na ba. Wanga tura makaɗan shikai. Nau tallabe su shikai."

Illo ya yi ta gardama wai ta ina hannu zai bambance. Ba ta kula shi ba. Ta ce ya ɗauki goransa ya koma gulbi da shi, ni kuma in tafi da rediyona. Ga shi nan a kan teburina.

Da zan hau mota ta sa aka rako ta har ƙofar gida, abin da ba ta yi ba tun da idonta ya rufe. Ta riƙe gefen mayafina ta ce, "Da can ban jin shi, amma na san inda shike. Yanzu ki tambaye shi, ina shike?"

Na ce zan tambaya. To na tambaya. Ni ba zan iya hawa mota ba kuma sai na sauka, ba mai karanta mata takarda. Amsar nan sai dai ka kawo ta da bakinka.

Taubashiyarka,
Kulsumi